Na Ƙarshe a Layin Huɗa

A garinmu, can bayan Nasarawa Burkullu, ba sai an tambayi kowa ba kafin a san ko mutum yana biyan bashi. Ruwan shuka kawai ake jira ya sauka, sannan a duba rana ta nawa shanun huɗa suka shiga gonarsa. Wanda aka yi wa huɗa kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, wannan ko rumbunka ya ce ka ba shi ajiya, ka ba shi. Wanda kuwa sai ƙasa ta fara tauri, ciyawa ta rufe idon sawu, sannan aka ga shanu sun nufi gonarsa suna jan ƙafa, to kowa ya san abin da ake ciki, kuma ba mai ce masa uffan. Ni na yi damina biyu ina wannan mutumin na ƙarshe.

Masu shanun huɗa a garin ba su wuce biyar ba, kuma ba sa karɓar kuɗi lokacin aiki, don a lokacin ba mai ko sisi. Sai kaka ake biya. Wanda yake yi mana tun mahaifinmu yana da rai wani Bafulatani ne da ya daɗe da zama cikin gari, muna ce masa Baffa. Mutum ne dogo, marar yawan magana, idan ka gaishe shi sai ya ɗan yi shiru kamar yana auna ko gaisuwar ta cika kafin ya amsa. Abin da ke tsakaninmu da shi bai taɓa canzawa ba: dami shida na dawa, da harawar gyaɗar gonar gaba ɗaya, wadda da ita yake ciyar da shanun idan rani ya yi tsanani. Ba takarda, ba shaida, baki ne kawai.

Gonar ta gado ce, laka ce a gangaren rafi. Idan aka huɗe ta da danshi, dawarta da gyaɗarta sukan kai mu wata kakar har a yi kyauta. Idan aka makara ta bushe, garma sai dai ta yi ta karce sama. Ni ke noma ta, ni da Inna ke ci, yayana kuwa yana Gummi yana sayar da kayan gyaran babur, sai lokaci-lokaci yake leƙo mu.

Abin ya faro ne shekarar da zinari ya tashi a Bagega. Duk wani mai ƙarfin ɗaga diga ya tafi, ni ma da na gama maimai, wato noma na biyu, na ce wa Inna zan je in yi sati biyu in dawo. Wata biyar na yi. Da kaka ta zo 'yan'uwa suka yanke dawa suka zuba a rumbu, amma ba wanda ya kai wa Baffa nasa, don da ni aka yi magana, ba da su ba. Harawar kuwa, da bakina na bugo waya na ce a sayar a aiko mini da kuɗin, ina so in biya injin niƙan dutse. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. A raina na ce ai ciyawa ce, idan na dawo zan biya shi ninki biyu har ya rasa bakin godiya.

Na baro Bagega lokacin da yara suka fara wani mugun ciwo, aka ce dalmar da ke cikin dutsen ce. Abin da na gani a gidajen da ake daka dutse ya ishe ni, ban sake marmarin komawa ba. Amma na dawo da sabon babur, da tabarau, da waya mai waƙa, ina jin kaina ƙwarai.

Washegari na je gidan Baffa. Na zaro kuɗi na ƙirga masa kuɗin dami shida da na harawa, na ƙara wani kamarsa a kai. Ya karɓa, ya ƙirga a hankali, ya cire daidai nasa, ya miƙo mini sauran.

"Baffa, ai duka naka ne."

"Nawa shi ne wanga," in ji shi. "Taho ka gaida su."

Ya kai ni bayan gida inda shanun ke turke. Bijimai biyu ne da na san su cike fam, ranar kuwa haƙarƙarinsu ana iya ƙirgawa daga nesa. Ya tsaya yana shafa wuyan ɗayan. Na cire tabarau na sa a aljihu. Duk da haka da na fito sai na ce ai na biya, magana ta wuce.

Ruwa ya sauka, na zauna jira. Shanu suka shiga gonar maƙwabcina ta gabas, suka shiga ta yamma, suka tsallaka rafi suka dawo. Sauran masu shanun da na je wurinsu, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa, in yi haƙuri. Sai ranar kwana goma sha shida Baffa ya zo. Abin da muka samu a kakar nan ko rabin rumbu bai kai ba, kafin bazara babur ya tafi, waya mai waƙa ta bi shi.

Yaya ya zo daga Gummi ya hau ya leƙa rumbun, ya sauko yana kakkaɓe hannu. Ya ce ya ba ni damina biyu. Idan gonar ba ta koma yadda take ba, zai ba da ita jingina, ya ɗauke Inna ta koma wurinsa. Yana da iko, shi ne babba, kuma ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba.

Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni ba ni zama garin da ake sayen kuka da kuɗi."

Muka yi dariya, amma ni na ga hannunta ya tsaya a kan faifan. A gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, duk tsofaffin da take hira da su suna bayan katanga. Ranar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don na san ni na jawo mata.

To, mutum ba ya zuwa ya tambayi jama'a yadda suke ganinsa. Amma akwai inda ake sani, ita ce maƙera. Duk masu shanu a can suke kai bakin garma a gyara kafin damina, masu sayar da hatsi da masu taki a can suke fakewa idan rana ta yi zafi, kuma duk wanda ya ci bashi a garin, da wanda ya biya, da wanda ya yi ta kewaye-kewaye, a gaban wutar nan ake tattauna shi. Tsohon da ke ƙira, wanda kowa ke ce wa Baba, yana jin komai yana bugun ƙarfensa. Ba ya faɗa maka matsayinka da baki, sai dai ka karanta. Idan sunanka na da kyau, ya nuna maka buzu ka zauna, ya ce, "Bar ta nan, kuɗi sai ka samu." Idan kana tsaka-tsaki, ya nuna maka kututture, ya faɗi kuɗin aiki tun kafin ya fara. Idan kuwa ka lalace, sai ya shimfiɗa tafin hannu kafin ƙarfe ya taɓa wuta.

Na ɗauki fartanya na tafi. Baba ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi Inna, ya shimfiɗa hannu. Na sa kuɗi. Ina waige-waigen wurin zama sai ya ce, "Kama mani zuga-zugin nan, ɗana, hannuna ya gaji." Ashe akwai matakin da ke ƙasa da kututture, ni ne na fara gano shi. Na durƙusa ina zuga, manyan gari na kan buzu suna hira a kaina.

Na fito ina gumi na yi rantsuwa: ni da bashi har abada. Na yi ƙwadago a gonakin rani, na yi dako a kasuwar Nasarawa, na yi ta tara 'yan kuɗi. Ko ashana zan saya, sai na ajiye kuɗi a kan tebur da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Da bazara ta zo na je na biya Baffa kuɗin huɗa gaba ɗaya tun hadari bai fara haɗuwa ba, abin da ba wanda ya taɓa yi a garin. Ya karɓa ya ce Allah ya kai mu. Na koma gida ina taƙama, na ce wa Inna bana mu ne na farko.

A tsakanin nan kuwa ban bar maƙera ta huta ba. Duk sati sai na nemo wani ƙarfe na kai, don in ga ko an ɗaga ni. Na kai fartanya, na kai lauje, na kai gatari, na kai sungumin da ba abin da ya same shi. Da ƙarafan gona suka ƙare na koma kan na Inna. Wuƙarta ta yankan kuɓewa sau uku ina kai ta wasawa, har ta zama siririya kamar tsinke.

"Kai, ɗan nan," in ji ta, "in ka sake taɓa mani wuƙa sai na saɓa maka. Mi ta yi maka?"

Duk zuwan da na yi, zuga-zugi ne. Har na ƙware, Baba yana yabona a gaban mutane, yana cewa bai taɓa samun mai zuga mai haƙuri irina ba.

Ruwa ya sauka. Shanu suka zo ranar kwana goma sha huɗu. Wahalar shekara guda cur, kwana biyu kacal ta rage mini.

Ranar ban nemi ƙarfe ba, hannu biyu na tafi maƙera, raina a ɓace. Na tarar da Baba shi kaɗai yana jiƙa ƙota. Na ce masa ni dai yau a gaya mini gaskiya. Ba wanda ke bina ko kwabo a garin nan, na biya Baffa tun kafin ya yi aiki, me kuma ake so in yi, in yanka kaina?

Baba ya yi dariya har da tari. "Zauna," in ji shi, ya nuna ƙasa. "Tun da ka dawo, wa ya ga ka biya bashi?"

"Ai ban ci ba, Baba."

"To shi ne. Kana aje kuɗi bisa tebur awa mai kashe kunama, mun ji. Wanga ya nuna yau kana da kuɗi. Ai ran da ka dawo da babur ma kana da kuɗi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, in ka ce rana kaza, ranar tana zuwa ko ba ta zuwa. Shi kau Baffanka, da ka kai mishi kuɗi tun bazara, cewa ya yi yaron ga shi da kanshi bai yarda da kanshi ba, ya san in kaka ta yi ba a ganin shi."

Na ce to yanzu yaya zan yi.

"Tai ka ci bashi. Ƙanƙane, wanda ba a jin tsoron ba ka."

Haka na fara sana'ar da ban taɓa jin wani ya yi ba, cin bashi da kuɗi a aljihu. Na fara da mai tebur na bakin masallaci, na ce ya ba ni gishiri da magi, zan biya ranar Juma'a. Ya dube ni, ya dubi gishirin, ya ga ko na gudu ba asara ba ce, ya ba ni. Ban iya haƙuri ba, kafin la'asar na koma na biya. Washegari na je maƙera ina jiran yabo.

"An gaya mani," in ji Baba. "Wanga ba bashi ba ne, ajiya ka ba shi ta rabin wuni. Juma'a ka ce. Ba Laraba ba, ba Asabar ba. Kama zuga-zugi."

Na koyi darasi. Na ci bashin kananzir na mako guda, na biya ranar da na faɗa. Na ci na sabulu. Na ari jaki na ce zan dawo da shi kafin azahar, na dawo da shi ladan na gyaran murya, na kuma ba shi ruwa. Akwai wani mutumin Kudu mai kantin magani da ya daɗe a garin, na je na ce ya ba ni maganin ciwon kai bashi. Ya taɓa goshina ya ce lafiyata ƙalau. Na ce na sani, ya dai ba ni. Ya rubuta a littafinsa yana girgiza kai, ranar da na kawo kuɗin ya ce shi dai bai gane mutanen garin nan ba, amma in dawo duk lokacin da kaina bai yi ciwo ba.

Inna abin ya dame ta. Ta ce mata suna tambayarta ko lafiya, ɗanta ya bi gari yana roƙon gishiri alhali ga gishiri a gida ya fi mudu. Na ce ta yi haƙuri, magani nake sha.

Daga nan na ɗaga hannu sama kaɗan. Wani mai taki a Nasarawa ya yarda ya ba ni rabin buhu, a kan in biya kasuwa ta huɗu. Na tara kuɗin tun kasuwa ta uku, na ƙulle a leda na sa a ƙarƙashin tabarma, ina ta jin ƙaiƙayin in kai, ina tuna maganar Baba. Ranar ta zo da ruwa tun asuba kamar da bakin ƙwarya. Rafin da ke tsakaninmu da hanya ya cika ya batse, 'yan kabu-kabu duk sun jingine babura a gindin tsamiya suna kallo. Kowa ya ce yau ba kasuwa, mai takin ma zai gane. Ni kuwa na san zai gane, amma ba ganewarsa nake nema ba. Na jira ruwan ya ɗan ja, na cire wando da riga na naɗe kuɗin a ciki na ɗora a ka, na shiga daga ni sai gajeren wando. Ruwa ya kai mini ƙirji, na sha na laka ya fi kofi biyu, takalmi ɗaya ya tafi. Na isa Nasarawa ana kiran la'asar, da ƙafa ɗaya a takalmi. Mai takin yana rufe rumfa. Ya ƙirga kuɗinsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya saya mini shayi.

Kafin in dawo gida labari ya riga ni, har an ƙara masa gishiri, wai da kada na yi kokawa. Da na je maƙera Baba ya faɗi kuɗin aiki, sannan ya yi nuni da haɓa. Kututture. Na zauna a kai a hankali, wallahi ban taɓa jin daɗin wurin zama irin na busasshen iccen nan ba.

Saura Baffa, wanda shi ne mai dalili, kuma ba ya bina komai tunda na riga na biya. Da kaka ta zo na je na roƙi aron amalankensa in kwaso amfanin gona, na ce ladan shi ne harawa, zan kawo ranar Litinin ta sama. Ya yi shirunsa na auna magana, ya ce in ɗauka. Harawar nan na yi mata hidimar da ban yi wa gyaɗar ba. A inuwa na shanya ta don kada ta rasa korenta, na ɗaure ta tsaf, ranar Litinin da hantsi na sauke a bayan gidansa. Ya zaro kaɗan ya murza, ya sansana, ya miƙa wa bijimi ɗaya. Bai ce an gode ba, amma ya raka ni har ƙofar gida, abin da rabonsa da yi tun kafin Bagega.

Amfanin shekarar bai taka kara ya karya ba, an makara da huɗa. Yaya ya zo ya sake leƙa rumbu, ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ya hau babur ɗinsa.

Da bazara na kai fartanya maƙera, wannan karon da gaske ta lalace. Baba ya juya ta, ya jefa cikin tarin aiki, ya ce, "Bar ta nan, kuɗi sai ka samu." Ya faɗa ne yana kallon wuta, kamar ba komai ba. Ni kuwa sai da na fita waje na share ido, na ce wa wanda ya gan ni hayaƙi ne. Buzu dai ban samu ba, kuma har yau ban samu ba. Daga nan na wuce gidan Baffa na ce ina son huɗa a kan tsohuwar magana, dami shida da harawa, sai kaka. Ya ce Allah ya kai mu. Abin da ya ce bara ke nan, don haka ban san inda na tsaya ba.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Asabar. Lahadi na wuni a gona ina gyara abin da ba ya bukatar gyara, ina kasa kunne. Litinin ma haka. Talata da hantsi raina ya gama ɓaci. Na ce ashe duk gishirin nan da maganin ciwon kai da ruwan lakar da na sha a banza ne. Na nufi gidan Baffa ina shirya maganganu a hanya, masu zafi, har da waɗanda ba a faɗa wa babba. Da fushi bai rufe mini ido ba, da na lura ba gonar kowa da ya huɗe a kwana ukun nan.

Na tarar da Baba maƙeri zaune a ƙofar gidan, abin da ban taɓa gani ba, don ba ya barin wutarsa. Baffa na gefe ya sunkuyar da kai. A bayan gida sa ɗaya ne a turke. Ɗayan ya kwance ya ci sabon tsiro bayan ruwan, cikinsa ya kumbura, kafin a yi wani abu sai dai aka sa masa wuƙa. Naman an sayar da shi a arha, kuɗin ko rabin wani san ba za su saya ba.

Duk maganganun da na shirya suka tsere. Na tsuguna na yi jaje.

Baba ne ya yi bayani, don Baffa ko za a kashe shi ba zai iya ba. Akwai wani dillali a kara, kasuwar dabbobi ta Gummi, da ke da horarren sa, ya yarda a ba da abin da ke hannu, sauran sai kaka, amma sai wani mai gona ya tsaya. Idan Baffa ya kasa, amfanin gonar wanda ya tsaya ne zai biya. Dillalin ya aiko a tambayi maƙera wa za a iya karɓa a garin.

"Na ba shi suna uku," in ji Baba. "Biyu sun ce suna da uzuri."

Sai da na ɗan jima kafin na gane abin da yake nufi. Na dubi Baffa, ya kau da kai yana kallon katanga. Na san abin da nake sa wa a ciki, daminar nan ita ce ta ƙarshe da aka ba ni, idan abin ya karkace ba gona ba Inna. Amma idan ba sa, ba huɗa, ni da mutum ashirin. Ina tsoro, kuma a lokaci guda ina jin wani daɗi, don ban taɓa zaton akwai ranar da za a nemi sunana a ci bashi da shi ba. Na ce mu tafi.

A kara dillalin ya dube ni ya ce, "Kai ne mai wando bisa kai?" Na ce ni ne. Ya ce to an gama. Ya kama hannuna ya haɗa da na Baffa, ya ɗora nasa, aka yi fatiha. Ina juyowa na ga Yaya tsaye a bayanmu, wani ya kai masa labari a shago. Na shirya jin faɗa. Ya dubi san, ya dubi dillalin, ya tambaye shi a hankali ko da gaske ƙaninsa aka karɓa ba tare da an nemi kowa ba. Dillali ya ce da gaske. Yaya ya tafi ya yi ciniki da mai mota, ya biya kuɗin ɗaukar san har gida.

A bayan motar, ni da Baffa da sa muna ta tsalle a kan hanyar laka, na gyara murya na ce, "To Baffa, gobe in Allah ya kai mu da tawa za a fara ke nan."

"Kai ne na huɗu," in ji shi.

"Na huɗu? Ni da na tsaya maka?"

"Ukun da ke gabanka shekara ashirin ba su taɓa saɓawa ba. Biyu cikinsu sun ƙi tsaya mani, amma ba su taɓa saɓawa ba. Kai bara na nawa kake?"

Sai na ga gefen bakinsa yana motsi, ashe dariya yake dannewa. Na fashe da dariya, shi ma ya saki tasa, san yana kallonmu.

Allah ya taimaka aka ƙara ruwa ranar Alhamis. Asabar da sassafe shanu suka shiga gonarmu, ƙasa na tsagewa baƙa wuluk tana kwantawa gefe ba gardama, ƙamshinta ya cika wurin. Ina bin bayan garma sai na hango Inna tana gangarowa da sanda, ita da ta yi shekaru ba ta zo gonar ba saboda gwiwa. Ta tsaya a bakin kunyar farko, ta sunkuya da ƙyar ta damƙi ƙasa, ta matse a tafin hannu, ta buɗe. Ƙasar ta tsaya a dunƙule. Ta daɗe tana kallonta.

"Tun da babanku ya rasu..." ta fara, sai ta fasa. Ta goge hannu a zane. "Ka aika ma yayanka. An ce ya gyara mani ɗaki, har da siminti. Shi zuba tayoyinshi ciki."

Sannan ta ce in miƙo mata ƙwaryar iri, layin farko ita za ta shuka.